Faifai ma sai da sallama

Mai ɗaukar bidiyon biki a Birnin Yauri ko Wara yana da matsalar da ba a faɗa a gaban ango: kwamfutar teburinsa ta cika. Ga ɗaurin aure, ga kamu, ga Rigatar Yauri, inda tseren kwale-kwale kaɗai ke cinye rabin faifai. Abin da aka saba yi shi ne a kashe kwamfuta, a kwance murfi, a sauya faifai, sukurori biyu su shige ƙarƙashin tabarma. Alhali ana iya yi mata ƙofa ta waje, a riƙa sa faifai ana cirewa tana kunne.

Ni na fi son ramin na'urar CD, mai inci 5.25, wanda yanzu gizo-gizo ke zaune a ciki ba haya. A sayi durowar faifai a zura a nan, a haɗa ta da igiyar SATA da ta wuta. Akwai kuma eSATA, da ta fito a 2004. Igiyarta tana kai mita 2, amma ba ta ɗauke da wuta, sai faifan ya zo da cajarsa. Wanda bai son dogon zance ya soka katin USB 3.0, mai shuɗin baki, mai gudun gigabit 5 a daƙiƙa.

Durowa da eSATA ba sa yarda a sa faifai ko a cire kwamfuta tana kunne sai an shiga BIOS an zaɓi AHCI, an kunna Hot Plug in akwai. Idan a kan IDE aka ɗora Windows maimakon AHCI, kada a sauya da ka. Shuɗin allo zai tarbi mutum, a gaban mai jiran hotunansa. A nemi injiniya tukuna.

To, ga inda ake asara. Kwamfuta takan ce ta gama kwafi alhali wani ɓangaren yana hannunta, bai sauka kan faifai ba. Kowa a bakin ruwan Yelwa ya san ba a dira daga jirgi don kawai an hango kwata. Sai ya dafa ƙasa, matuƙi ya ce bismilla. Danna Eject kafin a cire faifai shi ne bismillar matuƙi. Wanda ya fizge faifai kafin nan zai sami amarya ta shigo fili, sai hoto ya tsaya cak da ƙafarta ɗaya a sama, kuma ba a maimaita kamu. Faifan da Windows ke kai kuwa, ba a cire shi ko an yi sallama.

Saura wuta. An kammala madatsar Kainji tun 1968, tafkin ma ga shi a ƙofar gida, amma wutar in za ta tafi ba ta danna Eject. Saboda haka a sayi UPS, mai riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, kafin durowa, kuma cajar faifan waje ma a jona ta a jikinsa, ba a bango ba.