"Zamna, Baba!": Ladabin da ke Kwantar da Tsoho

A Boɗinga da Shagari ba a wulaƙanta tsoho. Girmama shi ake yi har ƙafafunsa su daina aiki.

Abin yakan soma ne ranar da ɗan dattijo ya samu aiki a birni ko ya ci kansila. Shekara hamsin Baba yana sammakon gona, ya yi huɗa, ya yi maimai, ya komo da dami a ka, ba a taɓa jin ya ambaci gwiwa ba. Sai dangi su taru su yanke hukunci: daga yau Baba ya huta, kada duniya ta zagi 'ya'yansa. A ɓoye kalme, a dasa masa kujerar roba a zaure. In ya yunƙura zai ɗauko buta, jikoki uku su zabura: "Zamna, Baba! Mi kaka so a kawo ma?" Masallacin Juma'a da ake hango hasumiyarsa daga ƙofar gida ma sai an tsayar da ɗan kabu-kabu. Bayan damina biyu Baba ba ya iya sujada sai a kan kujera, dangi kuma su girgiza kai su ce tsufa ya zo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya haura shekara 65 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, har da abin da ke ƙarfafa tsoka don kada ya riƙa faɗuwa. Maƙwabcin Baba, wanda Allah bai ba ɗa kansila ba, yana cika wannan kafin azahar ɗin Litinin, tsakanin fadama da kasuwar Ɗanchaɗi, kuma bai taɓa jin sunan hukumar ba. Shi ake tausaya wa. Da dattijo mai hali zai ɗauki shawarar likita ya fita tattaki bakin titin Sakkwato zuwa Jega, kafin ya yi taku ɗari motoci uku sun tsaya rage masa hanya, wani kuma ya riga ya buga wa ɗansa waya yana tambaya ko lafiya.

Inna ma ba ta tsira ba. Injin niƙa ya karɓe turmi, surukai sun karɓe tsintsiya, aka bar ta da carbi da lissafin wanda bai zo gaisuwa ba.

Sai batun ciki, inda ladabin ya fi ɓarna. Ba a zuwa gaida dattijo hannu biyu, kuma ba wanda zai shiga zauren manya da ƙwaryar kwaɗon zogale, wai abincin talaka ne. Katon ɗin maltina ake saukewa, da madarar gwangwani, da balangu mai kitse a takarda. Kwalbar Coca-Cola ta santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali tara. Masana sun ce kada a wuce cokali 12 a yini, in so samu ne ma a tsaya a shida. Baba kuwa ya riga ya zuba huɗu a shayin safe, sannan hura da nonon da kakanninsa suka sha da tsaminta yanzu sai an yi mata ambaliyar sukari da ƙanƙara. Gwamnatin Tarayya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi daga 2022. Naira goma! Ko almajiri sai ya juya ta ya ƙara dubawa.

Gishiri kuma, ƙa'idarsa ƙasa da giram 5 a yini, cikin ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Amma tun da dunƙulen magi ya ture daddawa daga sarautar tukunya, matar da ta jefa ƙasa da huɗu a miyar kuka tana neman a ce ba ta son maigida. Zogalen nan da aka raina kuwa, ranar da likita a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya ce a yawaita ganye, sai a dawo gida ana ba da labarinsa kamar daga Makka aka zo da shi.

Kowa a yankin yana fatan shekarun manya, kuma akwai abin nunawa. Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, an haife shi ranar 25 ga Fabrairun 1925, ya rasu ranar 28 ga Disambar 2018 yana da shekara 93, saura kwana uku ya cika shekara 35 da juyin mulkin da ya sauke shi daga shugabancin ƙasa. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya kai 85, Ibrahim Dasuƙi 92, Waziri Junaidu ya haura 90. Rai na Allah ne, gaskiya ne. Amma waɗannan bayin Allah sun yi ƙuruciyarsu a zamanin gero da tafiyar ƙasa, suka yi tsufansu a hannun likitoci. 'Yan baya sun juya lissafin: ƙuruciya a kan babur da lemon kwalba, tsufa a hannun mai lasifikar kasuwa, wanda gorarsa guda ke maganin basir da shawara da sanyi da hawan jini da ciwon suga, har da faɗan kishiyoyi in an ƙara kuɗi.

Akwai dai inda dattawan nan suka yi wa Turawa fintinkau. A 2018 sai da Birtaniya ta naɗa minista takanas don yaƙi da kaɗaici. A Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato, inuwar dogon yaro ɗaya da tabarma biyu sun gama wannan aikin ba kasafin kuɗi. Tsohon da ke zuwa jam'i sau biyar, ga suna, ga ɗaurin aure, ga musun siyasa bayan la'asar, ba shi da lokacin kaɗaici. Wannan kam a bar musu abinsu, illa dai goron da ake ci har dare sannan a yi ƙorafin barci ya ƙaura.

Inda ake yin ta shi ne awon jini. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce baligi ɗaya cikin uku a duniya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba, domin cutar ba ta sallama. A ce wa Baba a je a auna, sai ya tsuke fuska: "Ni lahiyata lau. Ku dai kuka son a gano min ciwo." In an lallaɓa an auna, allura ta wuce 140 bisa 90, zai sha ƙwayar mako biyu, ya ji kai ya saki, ya ajiye sauran don baƙo. Ranar da ɓarin jiki ya shanye kuwa, za a fara binciken wanda ya yi jifa.

Wani ɗa mai hankali yakan aiko da na'urar awon jini daga Abuja. Ana karɓarta da shi albarka, a nuna wa maƙwabta, a jera ta a kabad ɗin Inna tsakanin kwanonin da ba a cin abinci a ciki. Baturanta huɗu kuma tun daren farko suka koma rediyon Baba, don ba a wasa da labaran asuba na BBC.