Yawon Shan Iska a Bakin Tiga

Idan maigida ya ce ranar Asabar zai kai yara Tiga su ga ruwa, to tun daren Alhamis barci ya ƙaurace wa gidan. Uwargida za ta ɗora sanwa kamar ana suna: kular shinkafa, kular miya, dambun nama, zoɓo a jarka, kunun aya a wata jarkar. Ga tabarma, ga buta biyu, ga murhun gawayi "ko da za a ɗumama". Mota mai cin mutum biyar sai ta ɗauki goma sha ɗaya, domin Gwaggo ta ji labari, ƙanwar amarya ma ta ji, ga ɗan maƙwabta da ya shige ba wanda ya lura da shi sai da aka kai Kura.

An yanke za a tashi ƙarfe bakwai. Ƙarfe goma ana nan ana cigiyar takalmin auta.

Tafiyar ba ta wuce kilomita 70 daga Kano ba, amma sai an tsaya a Kwanar Gafan an tayi kwandon tumatirin da babu inda za a sa shi. A nan maigida yake gyara hula ya fara lacca: tumatirin nan da shinkafar Kura duk ruwan Tiga suke sha, Gwamna Audu Bako ne ya gina madatsar, aka gama a 1974. Gaskiya ya faɗa, sai dai masu sauraron nasa suna can suna kokawa a kan wanda zai zauna kusa da taga. Da an doshi Bagauda zai ƙara da cewa da can otal ne na alfarma a bakin tafki, yau kuma makarantar horar da lauyoyi ce. Wurin hutawa ya koma wurin koyon gardama.

To, an iso. Ruwa shimfiɗe iya ganinka, iska na kaɗawa, masunta na jan koma. Mutanenmu sai su nemi inuwar da ta fi kowace nisa da gaɓa, su shimfiɗa tabarma, su juya wa tafkin baya, su fuskanci mota kada wani ya taɓa ta.

"Abba, mu je mu taɓa ruwan?"

"Kai! Wa ya ce maka ruwan wasa ne?"

Nan Gwaggo za ta karɓe zancen. Ruwan nan yana da masu shi. 'Yan ruwa sun fi son yaro fari mai tsawo, kuma da tsakar rana suke fitowa, da la'asar ma haka, balle magariba. Idan ka lissafa, babu sa'ar da ta rage wa bil'adama. Bayan kuka da magiya sai a sassauta: "To ku tsaya nan bakin-baki cikin ciyawa, nan ba komai." Alhali nan ɗin ne da komai. A irin wannan ruwa marar zurfi katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya take zama, ƙwayar ta huda fata ta shige, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Aljanin da ba wanda ya taɓa gani an yi masa tofi da addu'a, wanda likita ke gani a madubin asibiti kuwa an miƙa masa ƙafafun yara har gwiwa.

Haka batun kwalekwale. Maigida zai shafe rabin sa'a yana ciniki da mai jirgi a kan naira ɗari biyu, har da rantsuwa da juya baya, amma ba zai tambayi ko akwai rigar da ke hana nutsewa ba. A ganinsa wannan tambayar rashin tawakkali ce, cinikin kuwa sanin ciwon kai ne.

Sai babban abin da ya kawo mu: hoto. A nan ne kawai ake yarda a matsa kusa da ruwa, a jera yara bisa tsawo, a daka musu tsawa su yi murmushi. Amarya ta ɗauki nata ita kaɗai, uwargida ta ɗauki nata ta yanke amarya daga gefe. Kafin a naɗe tabarma WhatsApp ya cika da "Alhamdulillah, muna hutawa da iyali", dangi na can Fagge suna aiko da "Allah ya maimaita mana".

Ba a komawa gida hannu rabbana. Za a sayi ƙarfasa da tarwaɗa a wurin masunta, a kan farashin da ya ɗara na cikin gari, don su ma sun san baƙo da ganin kuloli. Kifin zai zauna a cinyar Gwaggo har Kano, ledoji kuwa an bar wa tafkin tukuici.

Ranar Litinin a ofis maigida zai ba abokan aiki shawara da muryar wanda ya ga duniya: yara suna bukatar fita, yana buɗe musu ƙwaƙwalwa. Baɗi ma madatsar Challawa za su, can Ƙaraye, don an ce masa ana iya ajiye mota a inuwa.