Ɗan Hayan da Ya Tafi da Mukulli

Kwamfutata 'yar gwanjo ce, ta tsufa har fankarta nishi take, amma da ita nake buga wa mutanen unguwar Bulabulin katin ɗaurin aure da takardar neman aiki. Ɗan yayata mai karatun kwamfuta a jami'a shi ya raba mata ciki: ya yanki giga 100 daga cikin 500 ya sa Ubuntu, ya bar mini Windows a sauran, wai in saba da manhajar kyauta. Kullum na kunna sai allo ya tambaye ni wacce zan shiga. In na juya amsa sallama na daƙiƙa 10, ta zaɓa mini tasa.

Da hotunan biki suka cika mini wuri, sai na leƙa inda Windows ke nuna rabe-raben faifai. Ga wani katafaren yanki, ba suna, ba harafi, domin Windows ba ta karanta tsarin ext4 da Ubuntu ke zama a kai. Na ce to, ga mai cin fili a banza. Na danna gogewa, aka tambaye ni ko na tabbata, na ce tun yaushe. Daren nan har tsire na saya wa yara.

Da safe uban ango ya zo karɓar kati 200, ya zauna kan benci yana jan carbi. Na kunna. Baƙin allo, da rubutu ƙanana: "no such partition", ƙasansa "grub rescue>", da ɗan layi yana ƙifta mini ido. Na rubuta Windows. Ta ce ba ta san umarnin ba. Na rubuta da manyan baƙaƙe. Na rubuta "don Allah". Mai shayin bakin layi ya ce a cire batir a tura ta cikin buhun shinkafa, tela ya ce kambun baka ne. Uban ango dai bai ce uffan ba, carbin ne kawai ya ƙara gudu.

Na kira yaron. "Kawu, me ka taɓa?" Na ce kayanka na kwashe daga gidana. Ya yi dariya har sai da katin wayata ya kusa ƙarewa, sannan ya yi bayani. Ashe lokacin da ya sa Ubuntu, wata 'yar manhaja mai suna GRUB ta karɓe farkon faifan, wurin nan mai bayit 512 da tsofaffin kwamfutoci ke fara dubawa in an kunna su. Ita ke buɗe wa Windows hanya, sauran jikinta kuwa yana cikin yankin da na share. Wato na kori ɗan haya, ya tafi da mukullin ƙofar gida, ni da kayana muna waje.

Na rungumi kwamfutar cikin zafin Maiduguri, na hau keke napep zuwa kasuwar Jagwal. Wani matashi da ko gemu bai yi ba ya soka filashi mai ɗauke da Windows, ya buɗe wani baƙin allon, ya rubuta bootrec /fixmbr, ya sake kunnawa. Sai ga katin mutane, ko wasali bai ɓace ba. Ruwan leda da na saya ma ban gama sha ba.

Yana miƙo mini ita ya ce, "Baba, akwai wani ɗan guntu na giga 4 da Ubuntun ta bari. In goge maka?" Na fizge ta na cusa a jaka, na ce ya bar bawan Allah ya zauna, ba abincin kowa yake ci ba.