Lambun Cikin Gida da Masu Cin Moriyarsa

Lambun cikin gida ɗan fili ne da ake warewa a tsakar gida ko bayan ɗaki don kayan miya da furanni. Inda siminti ya cinye fili, ana cika tsohon buhu ko fasasshen bokiti da ƙasa da takin awaki, wato akuya tana cikin harkar tun daga tushe.

Kuɓewa, rama da yakuwa na damina ne. Kuɓewa kan fara 'ya'ya cikin kwana 50 zuwa 60. Tumatir da latas sun fi son sanyin hunturu. Zogale kuwa ba ya neman lallashi, ko reshe aka kafa sai ya tsiro. Da ya yi ganye, yaran maƙwabta za su fara sallama da kwano: "Wai in ji Inna a sammata na kwaɗo." Wannan haraji ba ya cikin kowace doka, amma kowa na biya.

Fure shi ne ɗan bora. Baƙo yakan sunsuna shi, ya tambaya ko ana miya da shi. In aka ce a'a, sai ya dubi maigida da tausayi, musamman in ruwan daga mai garuwa aka saya. Lalle kaɗai ya tsira, don ganyensa na amarya ne.

Akuya ba ta san wannan bambanci ba. Kaza tana tone iri, ita kuwa akuya tana jira ya girma. Maganinta darni, da ƙofar da yara ba sa bari a buɗe, wadda har yanzu ba a ƙera ba.