Diram ɗin Birkin Akori-Kura

Diram ɗin birki ƙoƙon ƙarfe ne da ke juyawa tare da taya, takalman birki su tokare shi ta ciki idan direba ya taka. A tsohuwar akori-kura irin Peugeot 404, sayen sabo ba wuya, shigarsa ce aiki. Mai shago a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka zai rantse cewa kayan nan kamar don motar aka ƙera shi, kuma yakan yi gaskiya, sai dai bai faɗi wace motar ba.

Rigimar farko ramukan noti ce. Ƙaramar 404 noti uku take ɗauka a kowace taya, akori-kurar kuwa biyar, don haka suna ɗaya bai sa kaya ya zama ɗaya ba. In ramukan sun dace, saura ramin tsakiya, wanda tsatsar shekaru ta kumbura mazauninsa. Nan ne bakanike kan ɗauko guduma, wadda a garejin gargajiya ita ce ma'auni, ita ce alƙali. Diram ɗin da aka shigar da duka yakan zauna a karkace, birki ya riƙa rawa ƙarƙashin ƙafar direba.

Sau da yawa ma laifin ba na sabon ba ne. Tsohon diram ya cinye ta ciki ya ƙara faɗi, an yi ta buɗa takalman suna bin sa. Sabon yana da cikakken kaurinsa, ba zai rufe su ba sai an sassauta su, an kankare tsatsa. Wannan aikin mintuna ne, amma galibi sai bayan yaron gareji ya koma kasuwa an yi cacar baki da mai shago ake tunawa da shi.