Allah Ya Ja Zamanin Sha Takwas

Cikin dukan ma'aikatan da gwamnatin tarayya ta turo mana ƙasar Karaye, ban ga haziƙi irin Sha Takwas ba. Ba ya karɓar albashi, ba ya yajin aiki, ba ya kamun ƙafa a mayar da shi birni tun bai kwance jaka ba. Ina nufin 'yar lambar nan da ke leƙowa a allo kafin fim ya fara, ta yi ƙiftawa da bismilla ta ɓace, ta sauke nauyin tarbiyyar 'ya'yanmu baki ɗaya. Daga Yammedi zuwa Turawa, daga Kurugu har Fulatan da Zarewa ta ƙasar Rogo, iyaye na sharar barci har da minshari, don sun san akwai mai tsaro.

Ɗan babban gida ne kuwa. Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ita ta haife shi tare da 'yan'uwansa: G na kowa da kowa, PG na yaron da iyayensa ke kusa, sai 12 da 12A da 15, sai shi gogan 18, sai autansu RE da ba a nunawa ko'ina sai inda aka keɓe. Tsari ne mai kyawun gaske, wanda aka ɗinka wa gidan silima mai ƙofa ɗaya da mai yanka tikiti da ke duban fuskar duk mai shiga. Ɗan abin da ya rage, kuma bai taka kara ya karya ba, shi ne a Yammedi babu silima, babu a Karaye, babu a Rogo. Sai mutum ya niƙi gari zuwa birni, inda can ma su Plaza da Orion da Marhaba da El Dorado suka zama labarin da dattawa ke bayarwa. Amma wannan ai ba laifin lamba ba ne. An ba shi gadin ƙofa, yana nan tsaye bakin ƙofar, gidan ne kawai ba a kewaye shi da katanga ba.

In kana son sanin irin baiwar da Allah Ya yi mana, dubi wahalar da wannan lamba ke ba mutane a ƙasashen da suka ɗauke ta da gaske. A Amurka tun 1968 ake raba fina-finai aji-aji, a 1984 aka ƙaro PG-13 bayan iyaye sun yi ca a kan wasu fina-finan da aka ce na yara ne amma suka hana yara barci. Tun daga nan mai shirya fim ɗin ban tsoro ya shiga uku. In aka ba shi R, ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba, alhali samari da 'yan mata ne suka fi kowa son biyan kuɗi a firgita su. Sai a ɗauko littafi mai haƙora a zauna a cire masa su ɗaya bayan ɗaya. Littafin World War Z na Max Brooks cike yake da gawawwaki masu cin naman mutane. Da aka mayar da shi fim a 2013 aka wanke jinin tas don a samu PG-13, ya kuwa tara sama da dala miliyan 500. Five Nights at Freddy's, wanda aka ciro daga wasan kwamfuta a 2023 da jarin dala miliyan 20, ya bi wannan hanya ya kusa kai miliyan 300. A Ingila kuwa, The Woman in Black na 2012, daga littafin Susan Hill, sai da aka datse masa daƙiƙa 6, aka duhunta wasu wurare, aka rage ƙarar sauti kafin a ba shi 12A, don yaran da suka taso da Harry Potter su samu shiga su ga jaruminsu da ya fito a ciki. Duk da haka babu fim ɗin da iyaye suka fi kai ƙorafinsa ga hukumar ƙasar a shekarar kamarsa.

Abin haushin ma, lissafin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Fim ɗin It na 2017, daga littafin Stephen King, an bar masa haƙoransa, aka ba shi R, ya tashi da kimanin dala miliyan 700 a kan jarin miliyan 35. To ina mafita? Bayin Allah kullum suna cikin taro da ƙirga tikiti da gardamar ɗigon jini nawa ya kamata a gani. Mu kam Allah Ya hutar da mu. Wanda ba ya sayar da tikiti ba ya asarar tikiti.

A Kano ma mun wuce su da nisa, don mun gano cewa raba fim aji-aji ɓata lokaci ne tunda akwai hani. Tun da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jiha a 2001 ake samun nasara kan nasara. A 2021, zamanin Isma'il Na'abba Afakallah, aka hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Kowa shaida ne, tun daga ranar ba a sake ƙwace wa kowa waya a Kano ba, masu garkuwa kuma da suka rasa fim ɗin kwaikwayo suka koma noman rake, shi ya sa mutanen Rogo da ke bakin iyakar Kaduna da Katsina ke kwana ƙofa a buɗe. A 2024, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, aka haɗa da fina-finan daba da na daudu, ita ma daba ta mutu murus. A shekarar ce kuma hukumar ƙasa ta fito da ƙa'idar hana ƙawata tsafin kuɗi da shan taba. Madalla. Living in Bondage, fim ɗin 1992 da masana'antar Kudu ta miƙe a kansa, labarin mutumin da ya ba da matarsa don ya yi arziki ne har fatalwarta ta hana shi sakat, ka ga da an yi wa tufkar hanci tun lokacin, da an huta da wannan masana'anta da dubban mutanen da take ciyarwa. A 2025 kuma hukumar Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango har 22 a tashi ɗaya, ciki da Labarina da Daɗin Kowa, saboda ba su bi ta gaban hukuma ba. Aiki sai mai shi.

Albarkar wannan tsari a fili take: mai shirya fim ɗin Hausa ya koyi hankali. Ga kaya jibge a gabansa, Dodo da mayu masu kama kurwa da fatalwa da 'yan ruwa, ga labaran da masunta ke bayarwa a bakin dam ɗin Challawa waɗanda za su sa ƙato ya kasa fita fitsari. Ga aljanun Ruwan Bagaja da na Gandoki tun 1934 suna nan. An taɓa gwadawa ma, aka mayar da tatsuniyar Daskin-da-Riɗi fim. Amma mai hankali sai ya zauna ya yi lissafi: ya kashe dukiya wajen kwalliyar dodo, ya biya kuɗin tacewa, ya jira abin da za a ce a kan mumbari ranar Juma'a, sannan ba shi da zauren da zai tara manya zalla ya karɓi kuɗinsu. Bai manta da abin da ya samu dandalin shirya fina-finai na naira biliyan 3 da aka so ginawa a Ƙofa ta Bebeji a 2016 ba, wanda aka binne tun kafin a haƙa masa tushe. Sai ya naɗe tabarmarsa ya koma kan kishiya da uwar miji, abin tsoro ɗaya tilo da aka yarda kowa ya kalla daga ɗan yaye har mai furfura.

Kada a ɗauka yaranmu sun yi asara. Ina! Kasuwa ba ta barin giɓi. Je rumfar mai caji da tura fina-finai a kowane gari cikin garuruwan nan ka tsaya. Yaro ɗan firamare zai zo da wayar yayansa da 'yan canjin da suka rage na aike.

"Yaya, a sa min na aljanu."

"Na Indiya ko na Turawa?"

"Wanda ake cire kai."

Shi ke nan, ciniki ya faɗa. Fim ɗin da a Landan sai an nuna katin shaida kafin a shiga, ga shi an fassara shi da Hausa tsantsa har da karin magana, don kada wata kalma ta wuce yaro bai fahimta ba. Da dare su takwas za su haɗa kai a kan allo ɗaya a zaure. Sha Takwas zai fito kamar yadda ya saba, in mai turawa bai datse shi ba don rage nauyi, ya gaishe su, su gaishe shi. Wanda ya rubuta littafin bai samu sisi ba, wanda ya shirya fim ɗin bai samu ba, ɗan Kannywood da aka hana shi yin irinsa da mutuncin da ya san masu kallonsa za su ɗauka shi ma bai samu ba. Arzikin ya tsaya a gida, wurin mai janareta.

Ko da mai rumfar zai tambayi shekaru, wanne za a faɗa masa? Mu mutane ne masu yalwa, ba mu ƙuntata wa kanmu da ranar haihuwa guda. Akwai shekarun makaranta, akwai na ƙwallo, akwai na neman aiki da ake rantsuwa a kansu a kotu. Wanda ya ga hotunan da suka yaɗu lokacin zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 2018 ya san yaranmu na saurin girma idan buƙata ta taso. Ga kuma 'yar shekara 16 da goyo a bayanta, wadda aka yarda ta iya ɗakin haihuwa, amma doka cikin tausayinta ta kare ta daga ganin jinin roba.

Shi ya sa nake jinjina wa dattakun wannan lamba. Masarautar Karaye kanta an ɗaga ta zuwa daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe ta a 2024, aka dawo da ita a daraja ta biyu cikin shekarar, amma Sha Takwas bai gusa ko taku ɗaya ba. Shawarata ita ce a faɗaɗa aikinsa. A buga shi a sitika, a ɗebo masu yi wa ƙasa hidima daga sansaninsu na Kusalla, su bi gida-gida suna liƙa shi a bayan kowace waya. A kafa kwamiti, a ba da kwangilar bugawa, a yi bikin ƙaddamarwa da rumfuna da jawabai. Inda ma'aikata suka yi ƙaranci, yaran da kansu za su taya liƙawa in an biya musu kuɗin caji.