Babin Neman Naman Kaza a Dajin Disina

Ina rubuta waɗannan shawarwari ne domin 'yan'uwana na ƙasar Guddiri, tun daga Disina da Foggo da Yana har zuwa Azare, waɗanda sha'awar miyar naman kaza ta taɓa fitar da su daga ɗakunansu a tsakiyar marka, suka kuma komo da abin da Allah ya nufe su da shi. Tun da yake ni ma daminar bana ta ɗanɗana mini nawa rabon, har yanzu ƙwaurina bai gama warkewa ba, ba zan ɓata wa kowa lokaci da cewa a ɗauki kwando ko a sa takalmi ba, domin wanda bai san wannan ba, ba da shi nake magana ba.

Sharaɗi na farko shi ne sammako. Naman kaza yana fitowa ne bayan ruwan dare mai ƙarfi, galibi cikin Yuli da Agusta, lokacin da kogin Bunga ya cika ya batse, kuma kyansa bai wuce na yini guda ba, domin da zarar hantsi ya ɗaga laimarsa za ta baje, tsutsa ta shige shi, kafin la'asar ya zama abin da ko kaza ba ta kulawa. Saboda haka da an sallame sallar asuba sai ka kama hanya, ka bar lazimi sai ka dawo. Sai dai ina gaya maka tun yanzu, don kada zuciyarka ta karye a banza, cewa in kana sammako wani a hanya ya kwana: awaki sun riga ka, yaran da ke kiwo sun riga awakin, matan da ke tafiya gona kuwa sun riga kowa. Abin da za ka tarar shi ne ramin da aka zaro shi, da danshinsa, da kuma wani yaro riƙe da sanda wanda zai dube ka cikin ladabi ya ce, “Baba, ai da ɗazu ka zo.” Kada ka amsa masa, domin duk amsar da ta zo bakinka a wannan sa'a sai ta wajabta maka istigfari.

Sharaɗi na biyu shi ne sanin wuri, wurin kuwa shi ne gindin suri. A nan akwai wata aya daga ayoyin Ubangiji wadda ta cancanci a tsaya a kanta, domin gara, wadda muke la'anta kullum saboda azarar ɗaki da littattafan da ta cinye mana, manomiya ce: tana tattaro busasshiyar ciyawa da itace ta kai can cikin ɗakunanta na ƙarƙashin ƙasa, ta shuka wani irin tsiro a kansu domin ya narkar mata da su ta ci, idan kuma damina ta nutsa sai wannan tsiron ya huda ƙasa ya ɓullo waje. Shi ne mafi daɗin abin da ake nema, masana ilmin tsirrai suna kiran danginsa Termitomyces, kuma daga alamominsa akwai ɗan tsini a tsakiyar laima, da doguwar saiwa siririya wadda ke gangarawa har cikin gidan garar. Akwai kuma ƙananansa farare waɗanda ke fitowa da yawa a kan ƙasar da garar ta turo waje. A ƙasar Zambiya akwai wani ɗan'uwansa da masana suka rubuta bayaninsa a 1980, wanda faɗin laimarsa kan kai mita guda. Na ambace shi ne don ka san akwai waɗanda Allah ya yalwata wa, kada ka sa rai da irinsa a nan. Ka kuma tuna cewa tsohon suri masaukin gamsheƙa ne, kasa tana kwance cikin ciyawar gefensa ba ta matsa wa kowa, kububuwa kuma ba ta yin sallama, asibitin masu saran maciji na Kaltungo kuwa yana can jihar Gombe, tafiya mai nisa ga wanda ƙafarsa ke kumbura. Sanda ta fara shiga kafin hannu.

Kafin in shiga na uku, wajibi ne in sauke abin da ke raina game da ƙarangiya. Na bincika iyakar bincikena a kan hikimar halittarta, na kuma yi imani akwai hikimar, tun da an ce a shekarun yunwa mutanen arewa da mu sun sussuke ta sun ci tsabarta sun rayu; amma ga mai tafiya da sassafe cikin raɓa, wandonsa jiƙe, idonsa a ƙasa yana duban gindin kowace sabara da kowane kalgo, ita jarrabawa ce tsantsa. Takan kama bakin wando, in ka sunkuya ka cire ta sai ta koma hannun riga, in ka cire ta daga hannun riga sai ta bar maka ƙaya a yatsa, ƙayar da ba a gani sai dai a ji, wadda za ta bari sai ka zo alwalar azahar sannan ta tuna maka da kanta. Ka iso gida kana zaton an rabu, uwargida ta wanke tufafin, ta shanya, ta ninke, ranar Juma'a ka zauna a sahu liman yana huɗuba, sai ka ji ta a inda ba dama ka sosa. Game da wannan ba ni da wata shawara, ban kuma taɓa haɗuwa da mai ita ba.

Na uku, ko na huɗu, shi ne zaɓen abokin tafiya, kuma nan ne asalin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A kowace unguwa akwai mutum guda wanda ya san naman kaza, wanda kuma ba a taɓa ganin ya ci shi ba. Idan ka nemi isnadin iliminsa sai ya ce ya ji daga wani direba, wanda ya ji daga wani ɗan ci-rani, wanda ya taɓa zama a kudu. Ruwayar da ko ɗalibin da ya fara karatun hadisi jiya zai jefar da ita. Shi ne zai ba ka fatawa cewa duk wanda ƙwari suka ci to mutum ma zai ci, alhali cikin ƙwaro daban, hantar ɗan Adam daban. Shi ne zai ce a jefa azurfa cikin tukunya, in ba ta yi baƙi ba to babu dafi. Ko a ba kare ya fara ci a jira sa'a guda. Ko a tafasa shi da kanwa a zubar da ruwan. In kuma abin ya ɓaci, a ɗura wa mutum manja ko madara. Duk wannan ƙarya ce, wallahi ƙarya ce, kuma irin ƙaryar da ake binne mutane a kanta. A 'yan shekarun nan ya ƙara samun hujja, domin yanzu yana da wayar salula, yakan ɗauki hoton abin ya gwada da wani hoton da ya gani a Facebook, wanda aka ɗauka a wani dajin Turai da bai taɓa ganin suri ba, sannan ya ce da kai, “Malam, shi ne, ci kawai.” Ka lura da kyau, kai yake cewa ka ci.

Malamanmu na Malikiyya sun tafi a kan cewa tsiro mai tsarki halal ne matuƙar ba ya cutar da jiki ko gusar da hankali, saboda haka mas'alar duka ta koma ga rarrabe mai cutarwa daga marar cutarwa, wannan kuwa babi ne da aka rufe ƙofar ijtihadi a cikinsa ga irina da irinka, taƙlidi ya zama wajibi. Wadda za a yi wa taƙlidin ita ce tsohuwar da ta shekara tana tsinko shi a wannan dajin, tana dafawa, ita da 'ya'yanta da jikokinta suna ci, kuma ga ta nan da ranta. Wannan ita ce ijazarta. Ka je ka durƙusa ka ce, “Inna, a duba mini wannan,” in ta juya shi ta shinshina ta ce, “Ɗan nan, yar da shi,” to ka yar, kada ka nemi dalili. Akwai wani fari ƙato mai kyan gani da ke fitowa a fili cikin ciyawa da wuraren da shanu suka kwana, wanda mutane ke yi wa kallon kitse, masana suna kiransa Chlorophyllum molybdites. In ya manyanta ƙarƙashin laimarsa yakan juya kore-kore, in kuma ka kifa laimar a kan farar takarda ka rufe da ƙwarya na wasu sa'o'i za ka ga garin da ya zubo kore ne. Wanda ya ci shi zai kwana tsakanin amai da gudawa. Mafi sharri su ne wasu daga dangin Amanita, waɗanda suka fi kowane kisa a duniya, masu wata 'yar jaka a gindi, abin da ya sa ake haƙo naman kaza da gindinsa duka don a gani. Dafinsu ba ya mutuwa da dahuwa, ba ya kuma nuna kansa sai bayan sa'a 6 zuwa 24, sannan mutum ya ji kamar ya sami sauƙi alhali hantarsa ce ke lalacewa. Duk wanda cikinsa ya murɗa bayan ya ci, a ɗauke shi tare da ragowar abin da ya ci a nufi Asibitin Tarayya na Azare, kada a tsaya jiran gari ya waye.

Na so in yi fasali a kan dahuwa, da man gyaɗa da daddawa da attaruhu, amma mafi yawan jikin naman kaza ruwa ne, cikin kwando guda yakan koma ludayi biyu, maƙwabcin da ya yi maka dariya da safe kuma shi ne zai yi sallama daidai lokacin da aka sauke tukunya. Kada dai ka zuba shi a leda, yakan yi gumi ya ruɓe. Sauran na bar wa mata, sun fi ni sani.

Lissafin sharuɗɗan ya ɓace mini, kuma ba zan koma nemansa ba, domin akwai abin da ya fi su ci mini rai. Dajin da dattawanmu suke ba mu labari, mai marke da kanya da tsamiya da ɗorawa, wanda inuwarsa ke riƙe danshi har rana ta take, yau sai ka yi tafiya mai tsawo tsakanin gona da gona kafin ka sami abin da za a kira kurmi, in ka same shi kuma sai ka tarar da kututture da baƙin ramin masu gawayi, surin da ke gefe an farfasa shi an kwashe ƙasar. Ban zargi talakan da ke neman abin sawa a baki ba, amma buhunan gawayin da ake lodawa a mota ana kaiwa birane ba ƙaramin abu suke tafiya da shi ba. Tsofaffin da suka san wane ake ci wane ake bari suna ta komawa ga Mahaliccinsu ɗaya bayan ɗaya, jikokinsu kuwa ba su tambaya ba, babu kuma wanda ya zauna ya rubuta daga bakinsu.

Ina roƙon hakimai da dagatai na ƙasar Shira su tsare ɗan abin da ya rage na kurmi, ina kuma roƙon malaman ilmin tsirrai na jami'ar Gadau su turo ɗalibansu cikin marka mai zuwa, da takarda da na'urar ɗaukar hoto, su bi tsofaffin nan daji su rubuta kowane iri da sunansa da kamanninsa da wurin fitarsa. Kai kuma mai karatu, in kana da irin wannan tsohuwa a gidanku ko a unguwarku, ka sayi goro ka kai mata tun kafin ruwa ya sauka, ka roƙe ta ta yarda ka riƙe mata kwando.